Gina tarihin bashi a Amurka ba tare da biyan kuɗin ruwa ba: kundin wani ɗalibi a Ohio

28 ga Agusta, 2023

Na buɗe wannan kundi ne domin in riƙa rubuta yadda aikin gina tarihin bashi yake tafiya, daga yau da babu ko layi ɗaya a fayil ɗina har zuwa lokacin da zan iya kama hayar ɗaki da sunana ba tare da wani ya tsaya mini ba. Abin da na tarar a makon rajista shi ya sa na ɗauki aikin da muhimmanci. Kamfanin waya ya ce ba zai ba ni waya in riƙa biya wata-wata ba sai na ajiye kuɗi masu kauri, masu gidajen haya na kewayen jami'a kuma tambayarsu ɗaya ce, wato nawa ne makina, lambar da ke nuna yadda mutum yake biyan bashi. A ƙasar nan wanda bai taɓa cin bashi ba ana ɗaukarsa a matsayin mutumin da ba a san halinsa ba, kuma irin wannan mutum shi ake tsawwala wa sharuɗɗa.

Kamfanoni uku ne ke tattara bayanan bashin jama'a: Equifax, Experian da TransUnion. Bankuna da sauran masu ba da rance suna aika musu rahoto kowane wata a kan wanda ya biya a kan lokaci da wanda ya yi jinkiri. Daga waɗannan bayanai ne kamfanin FICO, wanda ya fito da makinsa na gama-gari a 1989, yake fitar da lamba tsakanin 300 da 850. Kamfanin ya bayyana nauyin kowane ɓangare: tarihin biya a kan lokaci kashi 35 cikin 100, yawan bashin da ake bin mutum kashi 30, daɗewar tarihin kashi 15, sabbin asusun da aka buɗe kashi 10, sannan bambancin nau'in bashi kashi 10. Albashi ba ya cikin lissafin, haka ma kuɗin da ke cikin asusun banki, addini ko ƙasar da mutum ya fito. Katin cirar kuɗi da nake amfani da shi kullum ba ya ƙara komai, tunda kuɗina nake kashewa da shi. Wanda ya san yadda ake fara ba yaro kaya bashi a Kantin Kwari, turmi biyu ko uku, a ga ko zai kawo kuɗin ranar da ya faɗa kafin a ƙara masa, ya riga ya fahimci tsarin, sai dai a nan shaidar tana zaune ne a cikin kwamfuta maimakon bakin 'yan kasuwa.

19 ga Satumba, 2023

Katin lambar SSN, wato lambar shaida da gwamnatin Amurka ke ba masu izinin aiki, ya iso ta gidan waya. Yawancin bankuna da wannan lamba suke gane mutum a wurin kamfanonin uku, kuma ɗalibi mai bizar karatu ta F-1 ba ya samunta sai yana da izinin aiki. Na samu aiki a ɗakin karatu na jami'a, inda doka ta taƙaita wa irinmu awa 20 a mako a lokacin da ake karatu. Da takardar shugabar sashen da nake aiki da ta ofishin ɗalibai baƙi, haɗe da fasfo da takardun I-20 (shaidar ɗalibta daga jami'a) da I-94 (shaidar shiga ƙasar), na je ofishin hukumar da ke ba da lambar, aka karɓa ba tare da an nemi ko sisi ba.

6 ga Oktoba, 2023

Na dakatar da komai na ɗan lokaci saboda batun da ya fi kowanne nauyi a wurina, wato hukuncin katin bashi a Musulunci. Kusan kowane katin bashi na bankunan nan yana ɗauke da sharaɗin cewa idan wa'adi ya wuce ba a biya duka ba za a ɗora kuɗin ruwa, kuma mai karɓar katin yana sa hannu a kan wannan sharaɗi ko da kuwa ba ya nufin faɗawa cikinsa. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a shekarar 2000, ta yanke cewa bai halatta a yi mu'amala da katin da ke da sharaɗin kuɗin ruwa ba, ko da mai katin ya ƙudurta biya kafin wa'adi. Wasu malamai kuma, musamman waɗanda ke ba Musulmin Turai da Amurka fatawa, sun yi sassauci ga mai buƙata wanda ya tabbata zai iya biya a kan lokaci, kuma daga cikin hujjojinsu akwai hadisin Barira, inda Nana A'isha ta saye ta tare da wani sharaɗi ɓatacce na masu sayarwa, cinikin ya inganta, sharaɗin kuma ya faɗi.

Na kira malaminmu na gida na shimfiɗa masa batun. Na ce, "Allah gafarta Malam, a nan ko kamfanonin da ke sayar wa Musulmi gida ta hanyar da ba ta da riba sai sun duba wannan maki kafin su amince da mutum." Ya saurara har na gama, sannan ya tambaye ni abu biyu: ko akwai wata hanyar da ba ta da sharaɗin kwata-kwata, da kuma ko kuɗin da zan biya katin da su suna hannuna tun kafin in kashe. Bai ce mini saɓanin ba shi da nauyi ba, kuma ni ma ban ɗauke shi da wasa ba. Na zaɓi ra'ayin masu sassauci, na kuma gindaya wa kaina ƙa'idoji uku da zan bi har ƙarshen aikin: ba zan sayi abin da kuɗinsa ba sa cikin asusuna a ranar ba, zan biya dukkan abin da ke takardar wata kafin wa'adi, kuma ba zan taɓa cirar tsabar kuɗi da katin ba. Akwai wani ƙaramin rance da bankuna ke bayarwa musamman don gina tarihi, wanda suke riƙe kuɗin a asusu mutum yana biya kaɗan-kaɗan, amma na ajiye shi gefe domin kuɗin ruwa a cikinsa tabbas ne, babu hanyar kauce masa.

24 ga Oktoba, 2023

An amince mini da kati mai jingina. Na ajiye dala 300 a wurin bankin, iyakar abin da zan iya kashewa ita ma dala 300 ce, kuma babu kuɗin shekara. Idan na ƙi biya za su cire daga ajiyar, shi ya sa ba sa jin tsoron ba wa wanda ba shi da tarihi. Kafin in cika takarda na tabbatar bankin yana aika rahoto ga dukkan kamfanonin uku, domin katin da ba a kai rahotonsa ba ɓata lokaci ne kawai.

Da yake shekaruna 20, sai da na nuna shaidar albashin ɗakin karatu. Dokar katin bashi ta 2009, wadda Shugaba Obama ya sa wa hannu, ta hana a ba wanda bai kai shekara 21 ba kati sai in yana da kuɗin shiga na kansa ko wani babba ya tsaya masa. Ita ce kuma ta hana bankuna al'adar da suka saba a da, ta kafa tebur a harabar jami'a suna raba riguna da abinci ga duk ɗalibin da ya cika takardar neman kati. A banki ɗaya kawai na nema, saboda kowace nema tana sa banki ya buɗe fayil ɗin mutum ta hanyar da ke barin alama har shekara biyu, kuma tarin irin waɗannan alamomi a ɗan lokaci yana nuna mutum a matse yake.

2 ga Disamba, 2023

Takardar lissafin wata ta farko ta fito, kuma ita ta koya mini bambanci tsakanin ranaku biyu da mutane da yawa ke gaurayawa. Akwai ranar da ake rufe lissafin wata, akwai kuma ranar wa'adin biya, wadda doka ta ce dole ta kasance aƙalla kwana 21 bayan an aika takardar. Wanda ya biya dukkan abin da ke takardar kafin wa'adi ba a ɗora masa ko sisi. Wanda ya biya rabi, ko ya biya mafi ƙarancin adadin da aka rubuta masa, ya rasa wannan rangwame, kuma daga nan har sabbin sayayyarsa suna fara tara kuɗin ruwa tun ranar da ya yi su. A bana matsakaicin kuɗin ruwan katunan bashi a ƙasar nan ya haura kashi 20 cikin 100 a shekara. A jikin takardar akwai wani ɗan akwati, wanda shi ma dokar 2009 ce ta tilasta a sa, da ke nuna tsawon lokacin da mutum zai ɗauka yana biya idan ya tsaya a kan mafi ƙarancin adadi.

Ranar rufe lissafi ita ce ta fi shafar maki, domin abin da ke kan katin a wannan rana shi ne yawancin bankuna ke aika wa kamfanonin uku. Mutum zai iya biya cif a kan lokaci amma rahoto ya nuna ya cinye kashi 90 na iyakarsa, kuma makin zai sauka saboda haka. Shawarar da ake yawan bayarwa ita ce kada a wuce kashi 30, wanda a katina dala 90 ke nan, masu maki mafi girma kuwa galibi suna ƙasa da kashi 10. Don haka na ɗora wa katin abu biyu kacal, kuɗin layin waya da ɗan cefanen mako, kuma ina rage abin da ke kansa kwana biyu ko uku kafin a rufe lissafi. Na kuma saita asusuna ya riƙa biyan cikakken adadin da kansa a ranar wa'adi, ko da jarrabawa ta ɗauke mini hankali.

Wani abokin karatu ya dage cewa sai an bar ɗan bashi yana kwana a kan kati ana biyan kuɗin ruwa sannan maki yake hawa. Wannan magana ta yaɗu sosai a tsakanin ɗalibai, amma ba ta da tushe, domin rahoton da ake aikawa yana nuna adadin da ke kan kati da kuma ko an biya a kan lokaci, ba ya ɗauke da wani lada na wanda ya biya kuɗin ruwa. Banki ne kaɗai ke cin moriyar wannan kuskuren fahimta.

14 ga Janairu, 2024

Na sauke rahotannina uku daga shafin AnnualCreditReport.com, wanda shi ne shafin da doka ta tanada, kuma tun bara kamfanonin suka mai da damar duba rahoto kyauta kowane mako ta dindindin. Katin ya bayyana a duka ukun, kowane wata da alamar an biya. Duba rahoton kai ba ya taɓa maki. Daga nan na kulle fayil ɗina a kowane kamfani daban-daban, ta yadda babu wanda zai iya buɗe sabon asusu da sunana sai na buɗe da kaina. Kullewar kyauta ce tun Satumban 2018, bayan kutsen da aka yi wa Equifax a 2017 wanda ya shafi bayanan mutane kusan miliyan 147.

20 ga Fabrairu, 2024

Wannan watan ne ya fi kowanne gwada ƙa'idojin da na gindaya. Darajar naira ta faɗi har dala ɗaya ta haura naira 1,500, kuɗin da Baba ya tanada don zangon karatu kuma suka kasa kai adadin da aka lissafa tun a watan Agusta. A irin wannan hali katin da ke aljihu yana fara kama da mafita, kuma na ga ɗalibai 'yan Najeriya da dama da suka cika katunansu taf da kuɗin abinci da na haya suna jiran saƙo daga gida. Ban ga laifinsu ba, domin yunwa ba ta jiran canjin kuɗi ya daidaita, amma lissafin ba ya goyon bayan hanyar. Cirar tsabar kuɗi da katin bashi ba ta da kwanakin rangwame: ana cire lada nan take, kuɗin ruwa kuma yana fara hawa daga ranar, a kan farashin da ya fi na sayayya tsada. Biyan kuɗin makaranta da kati shi ma yana jawo ƙarin kusan kashi 3 cikin 100.

Na je ofishin kuɗi na jami'a na shiga tsarin biya kashi-kashi, wanda ba shi da kuɗin ruwa sai ɗan kuɗin rajista. Na rage cefane, na kuma yi amfani da rumbun abincin da jami'a ta tanada wa ɗalibai masu buƙata. Da muka yi waya, Baba ya ce, "Kada ka kuskura ka ci bashin da ba ka san ranar biyansa ba, ka ba ni mako uku." Na ce, "To Baba, Allah ya rufa asiri." Katin bai ɗauki komai a watan ba sai kuɗin waya.

Abin da ya sa na yi taurin kai shi ne yadda hukuncin jinkiri yake da tsawo. Idan biya ya yi jinkirin kwana 30 banki yana kai rahoto, wannan tabo kuma yana zama a fayil har shekara bakwai. Ga mai tarihin shekara ashirin tabo ɗaya yana nutsewa a cikin ɗaruruwan watannin da ya biya daidai, amma ga wanda dukkan tarihinsa wata huɗu ne, tabon shi ne kusan duk abin da za a gani. Yawan abin da ke kan kati kuwa, a nau'in makin da bankuna suka fi amfani da shi, yana gyaruwa da zarar an biya an aika sabon rahoto.

16 ga Maris, 2024

Ana cikin azumi na je sayen kayan sallah a wani babban kanti, mai karɓar kuɗi ta ce za a rage mini kashi 15 idan na buɗe katin kantin a take. Na gode mata na biya da katin cirar kuɗi. Ragin bai kai asarar ba, domin sabon asusu yana rage matsakaicin shekarun tarihi, yana kuma ƙara alamar bincike, katunan kantuna kuma suna cikin waɗanda suka fi tsadar kuɗin ruwa.

8 ga Mayu, 2024

Makin FICO na farko ya fito. Kamfanin ba ya fitar da maki sai mutum yana da asusun da ya kai wata shida da buɗewa, shi ya sa duk tsawon lokacin nan abin da nake gani a manhajojin kyauta makin VantageScore ne, wanda kamfanonin uku suka ƙirƙiro tare a 2006, kuma shi yana fitowa da wuri. Lambobin biyu ba su zo ɗaya ba, kuma hakan ba alamar kuskure ba ne, tsarin lissafinsu ne ya bambanta. Nawa na FICO ya ɗan haura 700, wato yana cikin rukunin 670 zuwa 739 da ake kira mai kyau. Daga 740 ake shiga rukuni na gaba, daga 800 kuma na ƙoli. Manhajar bankin ta lissafa abubuwan da ke riƙe makin, kuma duka biyun da ta ambata babu wanda zan iya gaggauta shi: tarihin gajere ne, asusun kuma ɗaya ne tak.

22 ga Yuli, 2024

Na nemi hayar ɗaki a wajen jami'a, a nan kuma na ga iyakar abin da maki zai iya yi. Na buɗe fayil ɗina na kwana biyu domin kamfanin gidan ya duba, suka ce makin ya wadatar, amma suna son albashin mai haya ya ninka kuɗin hayar sau uku, abin da aikin awa 20 ba zai taɓa kaiwa ba. A gida na biyu an karɓi takardar I-20 da bayanin asusun banki a matsayin shaidar kuɗin shiga, aka kuma bar ajiyar a kan kuɗin wata ɗaya, alhali abokin zamana da ya iso bana ba shi da fayil an nemi ya ajiye na wata biyu. Kamfanin wutar lantarki shi ma bai nemi ajiya ba. Wannan ne amfani na farko da na iya ƙirgawa da dala tun da na fara aikin.

Na tambayi mai gidan ko yana kai rahoton biyan haya ga kamfanonin uku, ya ce ba ya yi, kamar yadda yawancin masu gidaje ba sa yi. Akwai kamfanonin da ke yin haka a madadin ɗan haya idan ya biya su, sai dai ba kowane nau'in maki ne ke lissafa haya ba, don haka ban shiga ba. Abin da ya wajaba in kula da shi shi ne ɗaya ɓangaren, domin kuɗin haya ko na wuta da aka biya a kan lokaci ba sa bayyana a fayil, amma wanda aka ƙi biya har aka miƙa shi ga kamfanin karɓo bashi yana bayyana.

30 ga Satumba, 2024

Bankin ya mai da katin na yau da kullum, ya dawo mini da dala 300 ɗin da na jinginar, ya kuma ɗaga iyakar zuwa dala 1,000. Asusun bai canza ba, saboda haka ranar buɗewarsa ta Oktoban bara tana nan a fayil, kuma wannan ne dalilin da ba zan rufe shi ba ko da na sami wanda ya fi shi. Ban ƙara abin da nake ɗora wa katin ba, don haka kason da nake amfani da shi ya sauka ƙasa da kashi 10 ba tare da na yi komai ba. Na bi takardun wata-wata tun daga ta farko, a gurbin kuɗin ruwa kowacce sifili ce.

Wani ƙanen abokina da ya iso daga Katsina a wannan zangon ya roƙe ni in sa sunansa a katina a matsayin wanda aka ba izinin amfani, domin tarihina ya bayyana a fayil ɗinsa. Hanyar halal ce a doka, kuma iyaye da yawa a nan da ita suke fara wa 'ya'yansu. Amma duk abin da ya kashe ni bankin zai bi, kuma duk wata tangarɗa a wurina za ta shafe shi. Na ce masa, "Ƙanena, bari mu fara da neman aiki a harabar jami'a, sauran zan raka ka." Mun cika takardar neman aiki a ɗakin cin abinci, kuma idan lambarsa ta fito zai buɗe kati mai jingina da sunansa.

A nawa ɓangaren, ba zan nemi kati na biyu ba sai bayan Oktoba, lokacin da alamar binciken bara za ta daina tasiri a makin, kuma sharaɗina shi ne ya kasance ba shi da kuɗin shekara kuma ba ya cire lada idan an yi amfani da shi a wajen Amurka, saboda ina shirin zuwa gida a hutun Disamba. Zan sake sauke rahotannin uku a makon farko na Nuwamba in ga ko sabuwar iyakar ta bayyana a dukkansu.